Ra'ayinmu: Daga Tushe Ake Faro Gini

Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa kuɗin da ake ware wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan daga asusun Tarayya a riƙa zuba musu kai tsaye, ba sai sun bi ta hannun gwamnatocin jihohi ba. An yi murna ƙwarai, ko da yake aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa. Amma cikin wannan murna akwai tambayar da ba mu ji an yi ta sosai ba. In kuɗin suka iso baitulmalin Wurno, da na Rabah, da na Goronyo, wa zai riƙe littafin? Wa zai shirya lissafin ƙarshen shekara wanda odita zai duba ya sa hannu ba tare da ya yamutsa fuska ba? Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23, kowace kuwa tana bukatar ƙwararrun akantoci, kuma in ba 'ya'yanta suka zama su ba, to, sai ta yi ta aron hannu har abada.

Riƙon lissafin dukiyar jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Sarautar Ma'aji ta girmi zuwan Turawa. Wajen 1911 aka soma tsara baitulmalin En'e a Katsina, daga nan ya bazu sauran ƙasashen sarakuna. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Kongo, Zariya, wadda daga baya ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ma'aikatan baitulmali da yawa na Arewa suka sami horo. Mutanen Rabah kuwa sun fi kowa sanin nauyin wannan aiki. Ɗansu, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya zama hakimin Rabah a 1934, an zarge shi a 1943, lokacin yana aiki a Gusau, da taɓa kuɗin jangali. Kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara, aka wanke shi a Zariya. In har maganar lissafin haraji ta kusa datse tafiyar mutum irin wannan tun kafin ta yi nisa, ina ga ƙaramin ma'aikaci wanda ba shi da kowa? Littafin kuɗi mai tsabta garkuwa ne ga dukiyar jama'a, garkuwa ne kuma ga mutuncin mai riƙe da shi.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne, muna ganin 'yan'uwanmu da yawa suna gama digiri ko babbar difloma a fannin akanta, su shiga jarrabawar ƙwarewa da zafinsu, bayan zama biyu ko uku kuma sai ka ji shiru. In ka bincika sai ka tarar ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Sun ɗauki takardu biyar ko shida a zama guda alhali suna aiki daga safe har la'asar, ko sun fara da takardar da aka ce musu ta fi sauƙi suka bar wadda sauran suka dogara a kanta, ko sun biya kuɗin zama a watan da aikin ofis ko na gona ba zai bar su su buɗe littafi ba. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: jerin da mutum ya bi wajen zana waɗannan takardu rabin cin jarrabawar ne. A jera su bisa yadda ilmin wannan ya ɗoru a kan na waccan, da kuma bisa aikin da mutum yake yi da hannunsa, ba bisa jita-jitar wace ce mai sauƙi ba.

Tun farko, sai mutum ya zaɓi ƙofar da zai shiga. Ƙofofin da doka ta sani a Nijeriya guda biyu ne. Ta farko ita ce ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci wadda dokar majalisa ta kafa a 1965, shugabanta na farko kuwa shi ne Akintola Williams, ɗan Nijeriya na farko da ya zama ƙwararren akanta, a 1949. Ita ICAN jarrabawa take yi mataki mataki, mutum yana gida ko yana bakin aikinsa. Ta biyu ita ce ANAN, wadda aka kafa a 1979, gwamnatin soja ta ba ta ikon doka a 1993. Hanyarta ita ce mai digiri ko babbar difloma ya je kwalejinta da ke Kwall, kusa da Jos, ya yi karatu ya zana jarrabawa, sa'an nan ya yi shekara biyu yana koyon aiki a ƙarƙashin wani ƙwararre. Akwai kuma ACCA ta Ingila, mai takardu goma sha uku, wadda ake zanawa sau huɗu a shekara. Sai dai kuɗinta da fam ake biya, tun kuwa da aka saki farashin naira a Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, wannan hanya ta fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. Wanda zai sami hutun karatu da albashi, hanyar Kwall ta dace da shi. Wanda ba zai iya barin kujerarsa ko iyalinsa ba, hanyar ICAN ta fi masa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a raba ƙafa, a biya nan a biya can, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Ga ƙannenmu da ke aji ɗaya ko aji biyu, da akawunan da ba su da digiri, akwai wata ƙaramar ƙofa da ake yawan mantawa da ita, wato jarrabawar ATSWA ta masu taimaka wa akantoci a Afirka ta Yamma. Sharaɗinta kiredit biyar ne na sakandare, har da Turanci da Lissafi. Kashi uku ce, kowane kashi takardu huɗu, ana zana ta a Maris da Satumba. Wanda ya gama ta ana ɗauke masa matakin farko na ICAN. Ɗalibin da ya fara ta a aji biyu zai iya gamawa kafin ya karɓi digirinsa, ya fita da takardar shaida biyu a hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karatun da mutum zai yi yana ɗakin kwanan ɗalibai, ba mata ba 'ya'ya ba shugaban ofis, ba zai ƙara samun irinsa ba.

To, mu zo kan jarrabawar ICAN kanta. Matakai uku gare ta: na tushe, na tsakiya, da na ƙoli. Makin ci hamsin ne cikin ɗari. Ba a haɗa matakai biyu a zama ɗaya, sai an gama na ƙasa a hau na sama. Amma a cikin mataki guda mutum yana da damar ɗaukar yawan takardun da ya ga zai iya, kuma kowace ya ci an rubuta masa ita. Wannan sassauci shi ne alherin tsarin, shi ne kuma tarkonsa, gama ya bar wa kowa ya tsara wa kansa hanya, ba kowa kuwa ya san yadda zai tsara ba. Ga abin da muke ba da shawara.

Na ɗaya, a yi hattara da takardun da aka yafe. Mai digirin akanta daga sashen da ƙungiyar ta amince da shi ana ɗauke masa matakin tushe, bayan ya biya kuɗin yafewar. Wannan gata ne, amma ba shaida ba ce cewa ilmin yana nan cikin kansa. Wanda ya ci darasin shigar da lissafi da ƙyar a aji biyu, ya yi shekara huɗu bai ƙara daidaita littafin kuɗi da takardar banki ba, an yafe masa jarrabawa ne kawai, ba a yafe masa ilmin ba. Kafin ya biya kuɗin matakin tsakiya, ya ɗauki tsofaffin tambayoyin matakin tushe, ya zauna da agogo a gabansa, ya gwada kansa. In ya ga ba ya kai hamsin, ya ba tushen wata biyu. Gyaran tushe kafin a ɗora bango ya fi sauƙi a kan gyaransa bayan an yi rufi.

Na biyu, a matakin tsakiya a fara da takardar tsara rahoton kuɗi, ko da ita ce aka fi tsoro. Dalili kuwa a fili yake. Takardar aikin odita tambayarta ita ce, shin wannan rahoto gaskiya ya faɗa? Wanda bai san yadda ake gina rahoton ba, ta yaya zai gane inda aka yi masa kwaskwarima? Haka takardar haraji, daga ribar da rahoto ya nuna ake faro lissafinta. Tun 2012 Nijeriya ta soma bin ƙa'idodin rahoton kuɗi na duniya ga manyan kamfanoni, waɗannan ƙa'idodi kuwa su ne ƙashin bayan takardu da dama har zuwa matakin ƙoli. Masu barin wannan takarda sai ƙarshe suna tsammanin dabara suka yi, alhali kuwa sun shiga sauran takardun ne ba fitila.

Na uku, takardar lissafin kuɗin gwamnati a zana ta lokacin da aikin ofis yake koyar da ita. Nan ne ɗan Wurno ko Goronyo mai aiki a baitulmalin ƙaramar hukuma ya fi ɗan kamfanin Legas gata, in ya sani. Baucan biya, da littafin kasafi, da lissafin albashi, da amsa tambayoyin odita, su ne abincinsa na kullum. Sai dai jarrabawar ta wuce abin da aka saba yi a tebur. Nijeriya ta karɓi ƙa'idodin IPSAS na lissafin gwamnati, kashin farko a 2014, cikakken tsarin kuma daga Janairun 2016. A tsohon tsari abin da ya shigo da abin da ya fita kaɗai ake rubutawa. A sabon tsari dole hukuma ta lissafa abin da ta mallaka, kamar motocin noma, da rijiyoyin burtsatse, da gine-ginen asibiti da rumfunan kasuwa, ta nuna yadda darajarsu ke raguwa kowace shekara, ta kuma bayyana bashin da ke kanta, har da haƙƙin 'yan fansho da kuɗin 'yan kwangila da ba a biya ba. Da yake shekarar kuɗi ta gwamnati tana ƙarewa ran 31 ga Disamba, watannin farko na sabuwar shekara su ne na rufe littattafai. Ma'aikacin da ya sa wannan takarda a zaman Mayu, aikinsa na Janairu zuwa Maris ya zama masa bita kyauta.

Na huɗu, takardar haraji a bar ta ta zama ta ƙarshe a matakin tsakiya, babbar 'yar'uwarta kuma ta zama ta farko a matakin ƙoli. Ilmin haraji kamar tumatir yake, ba ya ajiyuwa. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗaga harajin kayan masarufi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, wasu dokokin gyara kuma suka biyo bayanta. A Yunin 2025 aka sa hannu kan sababbin dokokin haraji guda huɗu waɗanda suka sake fasalin abin gaba ɗaya, aka sa Janairun 2026 ya zama lokacin fara aiki da manyansu. Wanda ya ci ƙaramar takardar haraji a 2022, ya zo zana babbar bayan shekara huɗu, zai tarar rabin abin da ya haddace ya zama tarihi. In kuwa wata shida ne tsakaninsu, karatu ɗaya ya yi masa aiki biyu.

Na biyar, takardar lissafin tsadar aiki da auna riba ita ce matakalar takardar dabarun sarrafa kuɗi ta matakin ƙoli, saboda haka kada a yi mata karatun a ci a manta. Mu da muka tashi a kwarin Rima ba mu da uzurin jin tsoronta. Manomin albasa ko tafarnuwa a fadamar Wurno, wanda yake lissafa kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa, ya auna ko ya sayar yanzu da arha ko ya adana zuwa lokacin da kasuwa za ta tashi, ya kuma cire abin da zai ruɓe a rumbu, wannan lissafin yake yi, sunayen ne kawai bai sani ba. Ita kuwa takardar ƙarshe, wadda ake ba mutum labarin wani kamfani da matsalolinsa a ce ya rubuta shawara, a bar ta ita kaɗai a zaman ƙarshe, domin daga dukan sauran take ɗebo tambayarta.

Sai maganar yawan takardu da lokacin zama. Zaman da aka daɗe da sani su ne na Mayu da na Nuwamba, amma wajibi ne a bi sanarwar ƙungiyar kowace shekara. Mai zana jarrabawa a Mayu zai yi karatunsa ne cikin bazara, daga Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke hana barci balle karatu, ga kuma ƙarancin wutar lantarki, ga girbin noman rani. Mai zana ta a Nuwamba zai yi nasa cikin ƙarshen damina da kaka, yanayi ya fi sauƙi, amma shirin kasafin kuɗin baɗi yana jiransa a ofis. A duba watan azumi ma, wanda ke matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara: na 2025 ya cinye kusan dukan watan Maris, wato daidai watan ATSWA. Ga ma'aikacin da aka yafe wa matakin tushe, jerin da muke gani ya dace shi ne: Nuwamba, rahoton kuɗi da lissafin tsadar aiki, Mayu, lissafin gwamnati da aikin odita, Nuwamba, haraji da abin da ya rage a matakin, Mayu, babban haraji da babban rahoton kamfanoni, Nuwamba, babban aikin odita da dabarun sarrafa kuɗi, Mayu, takardar ƙarshe. Shekara uku ke nan, takarda bibbiyu. Wadda aka faɗi kuwa a maimaita ta a zama na gaba, tun ilmin bai huce ba.

Kada kuma a manta da hanya. Ba a zana wannan jarrabawa a Rabah ko Goronyo, sai an shiga babban birni. Halin tsaro a gabashin Sakkwato ba ɓoyayye ba ne, harin da aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 har yau bai fita daga zukatan mutane ba. Saboda haka kuɗin jarrabawa ba kuɗin rajista kaɗai ba ne. A sa kuɗin mota, da na masauki, da na abinci, a yi tafiya da rana, a isa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mun san akwai masu cewa wannan tsari namu ya yi jinkiri. Hujjarsu ita ce kowane zama yana da nasa kuɗin tafiya, kuɗin rajista yana ƙaruwa, manhajar kanta ana gyara ta lokaci lokaci, kamar yadda aka sake ta a 2014 aka kuma taɓa ta fiye da sau ɗaya daga baya, wanda ya daɗe a hanya kuwa gyara zai riske shi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce kowa ya bi ma'auni ɗaya ba. Ɗan bautar ƙasa da aka tura makarantar ƙauye, wanda yake tashi aiki da azahar, ko wanda ya gama karatu yana jiran aiki, zai iya ɗaukar uku ko huɗu, ya kamata ma ya ɗauka. Amma magidanci mai aiki, ko 'yar'uwarmu mai goyo da aikin ofis da na gida, in suka ɗauki shida suka ci ɗaya, sun biya kuɗin shida sun sayi ɗaya, sun kuma sayi karayar zuciya a kai. Ita wannan karaya ta fi asarar kuɗin muni, domin ita ce ke sa a jingine littafi har abada. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Daga ƙarshe muna da kira ga ɓangarori uku. Ga hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi da shugabannin Wurno, Rabah da Goronyo: a ba ma'aikacin baitulmali hutun mako biyu kafin kowane zama, a mayar masa da kuɗin kowace takarda da ya ci, a ɗaure shi da alkawarin yin wasu shekaru a wurin bayan ya gama. Abin da za a kashe kan wannan bai kai abin da ke salwanta ta hanyar lissafi maras kyau ba, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga sassan koyar da akanta na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran manyan makarantun jihar: a bayyana wa ɗalibi waɗannan hanyoyi tun makonsa na farko, kada ya fara jin labarinsu ranar da ya zo karɓar sakamako. Ga ƙungiyoyin ɗalibai na waɗannan garuruwa, waɗanda ba sa gajiya da shirya bikin yaye ɗalibai: a kafa zauren bita, a tara tsofaffin tambayoyi da littattafai wuri ɗaya, a roƙi yayyenmu da suka riga suka haye su ba da ko yini ɗaya a wata.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a Wurno, a can ya rasu a 1837, a can kuma aka binne shi. Ribaɗi ya mai da garin, wato wurin tsaron iyaka. Dam ɗin Goronyo da aka gama a 1984 ruwa yake tsarewa domin manoman kwarin Rima. Dukiyar da za ta shigo waɗannan ƙananan hukumomi ita ma tana bukatar masu tsaro, makaminsu kuwa alƙalami ne da littafi da sanin ƙa'ida. Duk ɗan'uwan da ya yi niyyar shiga wannan sahu, muna roƙonsa kafin ya biya ko kwabo ya ɗauki farar takarda, ya rubuta zama shida, ya sa wa kowane zama takardunsa da watansa da kuɗinsa, ya nuna wa wanda ya riga shi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu riƙe amanar jama'a, amin.